Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugabannin Tsangayoyin Injiniyanci na Jami'o'in Najeriya



Babban kaso na ilimin injiniyanci a masana'antun motoci da jiragen sama aka samo shi, galibi bayan wata matsala ta taso. A 1954 jiragen Comet guda biyu na Ingila suka tarwatse a sama. Masu bincike a garin Farnborough suka nutsar da gangar jikin wani jirgin cikin tankin ruwa, suna ƙara matsi suna ragewa har sau dubbai, sai ƙarfen ya tsage daga kusurwar taga. Wannan gwajin ya sauya yadda ake auna gajiyar ƙarfe, kuma har yau masu ƙera jirage na amfana da shi.

A 1959 Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya ƙirƙiro bel ɗin kujera mai maɗauri uku, kamfanin kuma ya bar kowa ya yi amfani da shi kyauta. Lissafin lanƙwasa da Pierre Bézier ya yi aiki da shi a kamfanin Renault don zana jikin mota, da shi kwamfuta ke zana haruffa yanzu.

A Najeriya, a 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, ga kuma Kwalejin Fasahar Jiragen Sama a Zariya. Abin takaici, yawancin binciken ɗalibai a kan kantar ajiya yake ƙarewa. Ya kamata tsangayoyi su nemi matsalolin da ke damun waɗannan wurare, kamar illar ƙurar hunturu da zafi ga injina, su mayar da su aikin bincike na ɗalibai.