BABUR KO AMANA: WANNE YA KAMATA A RABU DA SHI?

Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. To, amma ko da yake kowa na ɗauke da nasa, ranar biya ba ta zo wa mutane iri ɗaya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa ta mujallarmu shi ne wata muhawara da ta raba kan mutanen gidanmu a hutun da ya wuce, wadda kuma na tabbata ana yin irinta a gidaje da dama a ƙasar Batsari da Safana. Muhawarar kuwa ita ce: mutumin da bashi ya yi wa katutu, ba shi da wata kadara sai babur ɗaya tilo da yake ji da shi, shin ya sayar ya biya, ko kuwa ya riƙe abinsa ya ci gaba da ba da haƙuri?

Bari in fara da asalin maganar. Wata rana da tsakar dare 'yan bindiga suka faɗo ƙauyenmu, suka tasa ƙeyar mahaifinmu zuwa dajin Rugu. Kafin a haɗa kuɗin fansa sai da aka sayar da shanun huɗa da hatsin da ke rumbu, duk da haka ba su kai ba. Sai yayana, wanda shi ne babba, ya shiga neman rance. Kawunmu ya ba da kuɗin takinsa, wani falken rogo ya ba da wani abu daga jarinsa, matan unguwa kuma suka miƙo kwasar adashinsu ta wannan wata. Allah Ya taimaka, tsoho ya dawo gida. Bayan murna ta lafa, sai aka waiwaya aka ga babu abin da ya rage a hannun Yaya sai babur ɗinsa ƙirar Boxer, wanda ya saya da gumin damina uku da ci-rani biyu. Kullum da asuba sai ya goge shi kafin ya karya kumallo, ko ƙanensa ba ya ba aro. Da na taɓo masa zancen sayarwa sai ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, ka taɓa ganin manomin da ya sayar da fartanyarsa ana tsakiyar damina?"

Wajibi ne mai karatu ya fahimci cewa maganar Yaya tana da nauyi. A zamanin kuɗin Udoji, wato wajen 1974 zuwa 1975, babur abin ado ne na ma'aikaci. Malamin makaranta da malamin gona da akawu su ne ke hawan Honda da Yamaha da Suzuki da Vespa, yara na bin su da kallo. Yau kuwa a ƙauyukan Ruma da Wagini da Runka, babur ya gaji jaki, ya gaji doki, ya kuma zama motar asibiti. Da shi ake fito da rogo da dankali daga gona zuwa kasuwa, da shi ake kai taki, da shi ake garzayawa da mai naƙuda Batsari ko Dutsin-ma. In rani ya yi, da shi ake kabu-kabu a samo na cefane. In kuwa aka ji ƙarar bindiga daga yamma, shi ne ƙafar da ake ɗora tsofaffi da yara a tsere.

Masu cewa kada a sayar suna da hujja ta biyu, wato tsada. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, kuma darajar naira ta faɗi a watan da ya biyo baya, farashin kayan da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabo. Sabon Boxer, wanda kamfanin Bajaj na ƙasar Indiya ke ƙerawa, ya haura naira miliyan ɗaya a 2024. Saboda haka talakan da ya saki nasa, da wuya ya sake mallakar wani nan kusa. Daɗin daɗawa, dillalai sun iya karanta fuskar mai buƙata. Da zarar sun gane bashi ne ya koro mutum, sai su yi masa tayin wulaƙanci.

Duk da waɗannan hujjoji, ni a tawa fahimta, idan tura ta kai bango, sayarwa ita ce daidai. Ga dalilaina.

Na farko, a yankinmu babur dukiya ce mai ƙafa, wadda ba ta da tabbas. Ɓarayin daji da babura suke kai hari, saboda haka babur na cikin abin da suka fi ƙwacewa a hanya, har ma sukan sa shi cikin sharuɗɗan fansa. Ban da wannan, doka ma takan iya tsayar da shi dare ɗaya. Mun gani a ƙarshen watan Agusta na 2021, lokacin da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan dokar daƙile matsalar tsaro. An hana zirga-zirgar 'yan kabu-kabu daga ƙarfe shida na yamma zuwa shida na safe a ƙananan hukumomin da ke bakin daji, an hana goyon mutum uku, an hana sayar da fetur a jarka, an dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama har da na Batsari da Safana, an kuma hana sayar da babura na hannu a kasuwar Charanchi. A waɗannan watanni mai babur ya ga abin hawansa a jingine, ga shi babu aiki, ga shi kasuwar sayarwar ma a rufe. Sannan litar fetur da ba ta kai naira 200 ba a farkon 2023 ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, abin da ya cinye rabo mai yawa daga ribar ɗan kabu-kabu. Wanda ya ce zai riƙe babur ya biya bashi da abin da yake samowa, to ya fara zama ya yi lissafi: bayan mai da baƙin mai da bakanike da cefanen gida, nawa ke saura? In abin da ke saura ba zai biya bashin cikin shekara ɗaya ko biyu ba, riƙon ya zama jinkiri kawai.

Dalili na biyu shi ne ya fi damuna, wato su wane ne masu bin bashin. Da banki ne, da sai a ce ya jira. Amma a nan, kawu ne da ya ba da kuɗin taki gonarsa ta kwana babu taki, da falken da jarinsa ya ragu, da matan da suka haƙura da kwasar da suka yi niyyar sayen kayan ɗakin 'ya'yansu da ita. Ba daga rarar dukiya suka bayar ba. Kowace safiya da Yaya ya tayar da babur ya wuce ta ƙofar gidajensu, da haƙƙinsu yake tafiya.

Na uku kuwa ya shafi gari baki ɗaya. A ƙauyukanmu babu inshora, babu asusun da ke fanso wanda aka sace. Abin da kawai muke da shi shi ne wannan al'ada ta cewa in masifa ta faɗa wa gida ɗaya, maƙwabta sukan kwance bakin zane da aljihu su bayar ba tare da takarda ba, domin sun yarda za a mayar musu. Wannan yarda ita ce ta dawo mana da mahaifinmu. To, in wanda aka taimaka wa jiya ya riƙe babur ya bar masu taimako da cizon yatsa, gobe in aka ɗauki ɗan wani, kowa zai ce ba shi da ko kwabo. Ashe ke nan bashin da Yaya zai biya, har da fansar mutumin da ba a riga an sace ba a cikinsa. Babur in ya tafi ana iya samun wani ko da bayan shekaru ne, amma amana in ta bar gari babu kasuwar da ake sayo ta.

Ban ce a ruga kasuwa a gigice ba. Kafin a sayar, ya kamata mai bashi ya tako da ƙafarsa ya sami masu binsa ɗaya bayan ɗaya, a gaban shaidu, a faɗi abin da ya rage da ranar biya, a kuma rubuta. Ba banza ba ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, ta 280 kuma ta yi umurni da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Wanda ke da hali ya ɗaga ƙafa har kaka. Wanda ba shi da hali, shi za a fara sallama. In abin da ke hannu bai isa sallamar marasa hali ba, to lokacin rabuwa da babur ya yi. Su kuma masu hannu da shuni na gari, su ji tsoron Allah su saya da darajarsa, kada su mai da hawayen maƙwabci riba.

Haka aka yi a gidanmu. Kawu ya ce, "Ɗana, nawa ya jira kaka, amma ka sallami matan nan." Yaya ya kwana biyu ba ya cin abincin kirki, rana ta uku ya wanke babur ɗin fes, ya tura shi wurin dillali. Ya biya adashin mata, ya biya falke, ya rage ɗan abin da ya sayi keke. Yanzu yana karɓar babur ɗin wani yana kabu-kabu, yana kai balas da yamma. Na lura har yau in ya ji ƙarar Boxer sai ya waiga. Amma na kuma lura yana ratsa tsakiyar kasuwa kansa a ɗage, ba ya sauya hanya don gudun haɗuwa da kowa.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Katsina da Nijeriya baki ɗaya, Ya yaye wa masu bashi bashinsu, Ya kuma mayar wa kowa da mafificin abin da ya rasa, amin.