Na'urar gem: Inda Sony ke cin riba, da inda mai gidan gem a Kongo ke neman tasa

A ranar 21 ga Agustan 2025 kamfanin Sony ya ƙara Dala 50 a kan farashin PlayStation 5 a Amurka, ya koma kusan Dala 550. A da, na'urar gem takan yi araha ne idan ta kwana biyu a kasuwa, amma wannan a lokacin ta shekara kusan biyar tana ƙara tsada. Tasirin hakan ya kai har gidajen gem da ke kewayen harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda ɗalibai da samarin Tudun Wada ke biyan kuɗi su buga ƙwallo a talabijin.

Kamfanonin ba sa bayyana abin da suke kashewa wajen ƙera na'ura ɗaya. Masu nazarin kasuwa ne ke sayenta su kwance ta, su yi wa kowane sashe kuɗi. A 2006 kamfanin iSuppli ya ƙiyasta cewa PlayStation 3 mai Dala 599 ta ci kimanin Dala 840 wajen haɗawa, wato asarar fiye da Dala 240 a kan kowace guda. Sony ya ji jiki ya gyara: a 2013 ƙiyasin IHS ya nuna PlayStation 4 ta ci Dala 381, aka sayar da ita Dala 399. Ita kuwa PlayStation 5, kafar Bloomberg ta ruwaito a farkon 2020 cewa za ta ci kusan Dala 450, kuma sai a Agustan 2021 Sony ya ce samfurin Dala 499 ya daina jawo masa asara. Irin wannan ƙiyasi bai haɗa da kuɗin bincike da talla da jigila da rabon dillalai ba, don haka ratar Dala 18 da aka gani a PlayStation 4 ba riba ba ce ko kusa.

Microsoft ma haka yake. A shari'ar Epic da Apple a 2021, jami'ar Xbox Lori Wright ta shaida wa kotu cewa kamfanin bai taɓa cin riba a kan sayar da na'urar kanta ba.

To ina ribar take? Tana cikin abin da ke biyo bayan saye. Kamfanin kan karɓi kusan kashi 30 cikin 100 na kuɗin wasannin da aka saya ta shagonsa na intanet, ga kuɗin rajista na wata-wata. Na'urar tamkar ƙoto ce a bakin ƙugiya.

Lissafin mai gidan gem a Kongo ya sha bamban da wannan. Galibi na'urarsa ta hannu ce, wadda wani a Turai ko Amurka ya gama yayinta, ta biyo ta kasuwar Alaba a Legas ko ta Kano kafin ta iso Zariya, sau da yawa da wasanninta a ciki. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da Sony ya buɗe wa shagonsa a hukumance, kuma abokan cinikinsa wasa ɗaya suke nema: ƙwallo. Sony bai cika samun komai daga gare shi ba, shi ma rangwamen Sony bai cika isa gare shi ba, domin farashin da yake biya Dala ce ke yanke shi. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki Naira a Yunin 2023, Dala 499 ba ta wuce kimanin Naira dubu 230 a farashin hukuma ba. Da Dala ta haura Naira 1,500 a 2024, kuɗin ya doshi dubu 750, tun kafin a yi maganar kwastan da ribar ɗan kasuwa. Idan sabuwa ta ƙi sauka, tsohuwa ma ba ta da dalilin sauka.

Kuma sayen na'urar shi ne mai sauƙin lissafi, tun da sau ɗaya ake yinsa. Abin da ke cin jari a hankali shi ne man janareta, wanda ya ninka tun bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, sai abin riƙewa da ke lalacewa a hannun samari masu zafin wasa, sai ƙura da zafin bazara da ke gajiyar da fankar na'ura. Ga hutun jami'a, ga yajin aiki: na wata takwas da ASUU ta yi a 2022 ya isa ya nuna wa duk mai sana'a a bakin makaranta yadda ciniki ke ɗaukewa haya tana tafiya.

Ƙarin kuɗin wasa kuwa yana da iyaka, domin ɗalibin da zai biya daga kuɗin abincinsa yake tsakura, kuma wayar da ke aljihunsa tana da wasan ƙwallo kyauta. Shi ya sa ga mai ƙaramin jari a Kongo, PlayStation 4 ta hannu da farantin sola sun fi sabuwar PlayStation 5 saurin mayar da kuɗi, muddin samarin ba su fara ƙaurace wa tsohuwar ba saboda sabbin wasannin da ba sa hawa kanta.