Kuru Ya Yi Teɓa? Sauko Ka Ja Shi a Ƙasa

 Maganar yau ta masu doki a gida ce, musamman ku da aka ɗora wa kula da kuru, ɗan gajeren dokin nan da ake saya wa yara domin hawan sallah ko rakiyar angwaye.

A wurinmu, dokin da ya cika ido shi ake yabo. Shi ya sa za ka ga kuru ɗaure a turke wata da watanni, ana zuba masa gero da dusa da harawa safe da yamma, ba ya leƙa ko'ina sai ranar hawa. Alhali kuru ɗan abinci kaɗan ke isar sa, abin da ya yi saura kuma kitse yake zama. Kitsen nan yana rikita yadda jikinsa ke sarrafa sukari, daga ƙarshe cutar ta sauka a ƙafa: naman da ke riƙe ƙashi a cikin kofato ya kumbura. Sai ka ga doki ya miƙe ƙafafun gaba, ya mayar da nauyinsa baya, yana ɗosana ƙafa kamar mai taka garwashi. Wani in ya kai nan ba ya sake komawa daidai.

Da hannu ake gane ƙiba. Shafa gefen cikinsa. In sai ka danna da ƙarfi kafin ka ji haƙarƙari, ko saman wuyansa ya yi tozo mai tauri, ko kitse ya taru a gindin wutsiya, to ya wuce misali. A 1983 wani masani Ba'amurke, Don Henneke, ya fitar da ma'aunin jikin doki daga 1 zuwa 9. A mataki na 5, wanda shi ne daidai, ba ka ganin haƙarƙari amma kana jin su cikin sauƙi.

Na san abin da zai fara zuwa ran wasunku: a ɗaura sirdi a yi ta sukuwa har kitsen ya narke. A'a. Ƙafafun da nauyinsa ya riga ya isa, ka ƙara musu naka? Balle ma wasunku 'yan aji shida sun fi ƙarfin bayan kuru tun tuni.

Ka sa masa ragama, ka tsaya daidai kafaɗarsa ta hagu, ku yi tafiyar minti 10 zuwa 15. Tafiya nake nufi ta sosai, irin ta wanda ya makara zuwa makaranta, ban da tsayawa yagar ciyawa. Kowane mako ka ƙara minti 5 har ku kai rabin awa ko fiye. Kwana biyar a mako na irin wannan ya fi kilisar rana guda amfani nesa ba kusa ba. Bayan asuba ko bayan la'asar ya fi, musamman a zafin Maris da Afrilu.

In ya yi mako uku ko huɗu ya saba, sai zagaye. Ka samu igiya mai tsawon mita 8, ka tsaya a tsakiya, shi kuma yana kewaya ka, tafiya sannan 'yar sassarfa. Tsumagiyar hannunka ta nuni ce, ka riƙa nuna ta wajen cinyarsa, ban da duka. Ka riƙa juya shi ɗaya hannun, kada duka ya wuce minti 15, domin kewaya tana gajiyar da gaɓoɓi, kuma ƙaramar da'ira ta fi yin ɓarna. Gefen filin ƙwallo ya yi; kwalta da yashi mai zurfi ba su yi ba. Kana iya jera gora uku ko huɗu a ƙasa ya riƙa tsallakewa.

Kada ka taɓa naɗe igiya a hannu, in ya zabura sai ya ja ka ƙasa. Silifa kuma a bar ta a gida.

In kun gama, ka dubi kwiɓinsa ka ƙirga numfashi. Doki a hutawa yana yin 8 zuwa 16 a minti. In minti 10 ta wuce yana ta haki, aikin ya yi masa yawa, gobe a rage.

Sai batun abinci, inda rigima take, tunda yawanci dokin na Baba ne ko na kawu, kuma su ke sayen gero. Ka yi musu bayani cikin ladabi: hatsi za a rage a hankali, a bar masa busasshiyar ciyawa da ruwa wadatacce. Yunwa ba magani ba ce. Kuru mai ƙiba in aka hana shi ci kwatsam, kitse na iya cika jininsa ya taɓa hanta, har ya mutu.

Ka ari tef ɗin awo na tela, ka riƙa auna kewayen ƙirjinsa, daidai inda majayi ke zama, duk mako biyu, ka rubuta a bayan littafinka. Wannan shi ne hujjarka gaban Baba. Amma ranar da ka ga yana ɗingishi, ko ka taɓa kofato ka ji zafi, babu fita, babu zagaye. A kira likitan dabbobi.