Raddi ga mai cewa rage kanel ɓata lokaci ne

Wani ɗan'uwa injiniya ya kafe a kan cewa zamanin rage kanel ɗin Linux ya wuce: RAM ta yi arha, duk rautar da ta tsufa a jefar a sayi sabuwa. Ina girmama iliminsa, amma bai dubi unguwar Mayo da ke kudancin Khartum ba.

Da fari dai, arhar. A ƙananan rauta irin TP-Link TL-WR841N, masu filash megabayit 4 da RAM megabayit 32, RAM ɗin a like take jikin allo, ba a ciro ta a sa babba kamar a kwamfutar tebur. Ƙara ta na nufin sayen wata na'ura. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 15 ga Afrilu 2023, wa ke da kuɗin nan a kudancin Khartum? Da layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a Fabrairun 2024, mutane sun koma sayen intanet ɗin Starlink awa-awa don su karɓi kuɗin 'yan'uwa ta manhajar banki ta Bankak. A irin wannan hali duk na'urar da ke iya raba sigina dukiya ce.

Ya kuma ce abin da ake samu bai taka kara ya karya ba. Nan ne kuskurensa ya fi girma, domin ya haɗa filash da RAM wuri guda. Filash rumbu ce, RAM kuwa tabarmar shanya. Kanel na kwance a filash a matse. Da an kunna na'ura sai ya warware cikin RAM ya zauna daram, Linux ba ya kwashe shi ya ajiye gefe kamar yadda yake yi wa sauran manhajoji. Saboda haka duk direban da aka gina a ciki, ko na USB ne a na'urar da ba ta da ramin USB, yana cin wuri har a kashe ta. Wanda ya buɗe menuconfig ya cire tsare-tsaren fayil da ba a amfani da su, ya kashe debugfs, ya sauke CONFIG_KALLSYMS mai riƙe da sunayen ayyukan kanel, ya bar wa waɗansu abubuwa fili. Wa zai ci filin? Teburin conntrack, wanda ke rubuta kowace haɗuwa da kowace waya ta buɗe. Wayoyi su yi yawa, RAM ta cika, kanel ya fara kashe manhajoji da kansa don ya numfasa, rauta ta ɗauke a daidai lokacin da wata uwa ke jiran kuɗin magani su shigo. Masu kanel ɗin kansu ba su raina aikin ba: sun shigar da tinyconfig a 2014, suka kawo SLUB_TINY kafin su cire SLOB a 2023.

Batun zram kuwa, wato matse bayanai cikin RAM, da ya ce yana wahalar da furosesa, gaskiya ne. Matsewa da warwarewa aiki ne. Sai dai madadinsa shi ne yin musanya a kan filash, wanda yawan rubutu ke kashe shi.

Hujjarsa mafi nauyi ita ce tsaro, kuma ba zan kauce mata ba. OpenWrt, manhajar Linux ta rauta, ta daina tallafa wa na'urori masu 4 da 32 bayan fitowar 19.07, tsohon kanel kuma ƙofa ce a buɗe. Harin Mirai ya nuna a 2016 abin da sakaci da ƙananan na'urori ke jawowa. Amma Malam, manhajar da rautar ta zo da ita daga kamfani ta fi tsufa, ba kuma mai gyara ta. Ragewa ce ke sa sabon gini ya shiga inda da ba zai shiga ba: a cire LuCI, a cire opkg da PPP, a bar SSH. Abin da aka cire kuma ba a kutsowa ta cikinsa.

Inda na yarda da shi: wanda ya cire KALLSYMS da printk tun kafin na'ura ta tsaya da ƙafarta ya makantar da kansa, in ta faɗi ba zai ga dalili ba. A gina cikakke tukuna, a gwada da wayoyi da yawa, a duba /proc/meminfo, sannan a riƙa cirewa ɗaya bayan ɗaya, ana ajiye ginin da ya yi aiki.