Garin da Ba a Binne Cibiya, Ba a Haƙa Kabari

Tafiyar kimanin rabin sa'a ce a jirgin ruwa daga tsibirin Mikonos na ƙasar Girka zuwa Dilos. Ɗan tsibiri ne da tsawonsa bai wuce kilomita 5 ba, babu inuwar kirki, sai dutse da iska da ƙadangaru. Ba a barin baƙo ya kwana. In ka sauka da hantsi, kafin dare ka juya.

Abin da ya kai ni can shi ne daɓen gidajen attajiran dā. Magina sun yanka duwatsu masu launi ƙanana-ƙanana, wasu ba su kai ƙwayar gero biyu ba, suka jera su ɗaya bayan ɗaya har suka zama hoto. A wani gida na ga Diyonisos, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu, bisa damisa. A wani kuma, wanda ake kira Gidan Dolfin saboda kifayen da ke kusurwoyin daɓensa, maginin ya rubuta sunansa, Askilipiyadis, mutumin Arados ta gaɓar Siriya. Shekara fiye da 2,000 ke nan, launin bai gudu ba. Ƙarƙashin tsakar gidajen akwai rijiyoyin tara ruwan sama. Na tsaya ina tambayar kaina: mutanen da suka yi wa gida irin wannan hidima, me ya sa suka tafi ba waiwaye?

Girkawan dā sun ɗauka a nan aka haifi Afolo da Atemis, don haka tsibirin ya zama musu wuri mai tsarki. A shekara ta 426 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mahukuntan Atina suka tone kaburburan Dilos, suka kwashe su zuwa Riniya, tsibirin da ke daura da shi. Suka kuma kafa doka: ba haihuwa, ba mutuwa a Dilos. Mace ta kusa naƙuda, a sa ta a kwalekwale. Tsoho ya kwanta ciwon ajali, a tsallaka da shi.

A shekara ta 166 kafin haihuwar Annabi Isa, Rumawa suka yafe wa tashar Dilos haraji. Nan da nan fatake daga Italiya da Siriya da Masar suka yi mata tsinke, kowa da wurin ibadarsa. Babbar hajar ita ce mutum. Marubucin Girka Istirabo ya ce ana iya sayar da bayi 10,000 a yini guda. Ko da ya yi ƙari, mai karatu ya san da kuɗin wa aka jera waɗancan duwatsu. Tun da na tuna haka, ƙafata ta yi nauyi a bakin daɓen.

Sai ramin ƙarya ya ƙure. A shekara ta 88 rundunar Sarki Mitiridatis ta afka wa tsibirin, a ta 69 kuma 'yan fashin teku suka ƙarasa ɓarnar. Hanyar fatauci ta karkata zuwa tashoshin Italiya, gari ya riƙa zubewa har ya zama kufai, maƙwabta suna zuwa ɗibar duwatsunsa don gini. Faransawa suka fara tono shi a 1873, hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1990.

Yaƙi kaɗai bai isa ya kashe gari ba. Ita kanta Atina, Rumawa sun ragargaje ta a shekara ta 86, tsakanin hare-haren Dilos guda biyu, ga ta nan har yau tana numfashi. A ganina bambancin shi ne mutanen Atina suna da iyaye kwance a ƙasarta. Mazaunin Dilos kuwa ba a nan aka binne cibiyarsa ba, ba a nan za a sa haƙarƙarinsa ba. Kasuwa ce ta kawo shi, kasuwa ta watse, kowa ya kama gabansa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji Hausawa, to ina ga wanda bai taɓa ɗaukar wurin gida ba?

A jirgin komawa Abuja ta faɗo mini a rai, yadda titunanta ke zama wayam ranar Sallah, da yadda muke cewa "za ni gida" bayan shekara 30 muna zaune a cikinta. Muna ƙawata daɓenmu da tayil, amma asibitin unguwa da makarantar gwamnati da magudanar ruwa mun bar wa wanda ba mu sani ba, domin zuciya tana wani garin. Inda mutum yake ci, nan ya kamata ya yi shara. Dilos ta samu masu kuɗi da masu fasaha, abin da ta rasa shi ne wanda zai tsaya ya share toka bayan gobara.