Kunya Ba Ta Tsare Lambar Sirri

Kakanninmu da suka biyo hanyar Gwanja da jakuna da alfadarai, suka sauka Salaga neman goro, daga baya suka kafa zanguna a Kumasi da Ankara, sun yi ciniki ne a kan amana. Baƙo ya sauke kayansa wurin mai gida, a sayar bashi, ba takarda ba sa hannu, kuma kuɗi su dawo. Sai dai amanar tasu tana da shinge. Mai gida ya san fuskar dillali, ya san gidansa, ya san malaminsa, kuma wanda ya ci amana sau ɗaya ya gama cin kasuwa a zango. Mu mun gaji amanar, amma wayar da ke aljihunmu ta cire mata shingen. Wanda yake kiranmu yau ba mu san fuskarsa ba, ba mu san gidansu ba, kuma ba ya jin kunyar kowa a Nima ko Aboabo.

Tun shekarar 2009 da MTN ta fara MoMo a Gana, waya ta zama asusu. Mai sayar da wake da shinkafa a Mamobi, da mahauci a Kejetia, da ɗa a Jamus mai aiko wa mahaifiyarsa cefane, duk ta nan kuɗinsu ke bi. Ƙofar wannan asusu lambar sirri ce kawai. Ita kuwa lambar, a zangunanmu, ta zama kamar tabarmar ƙofar gida, kowa na iya zama a kai. Hajiya ta miƙa wa yaron shago waya ta faɗa masa lambar da ƙarfi, mutum biyar na tsaye. Alhaji ya sa shekarar haihuwarsa, ko lambobi huɗu na ƙarshen layinsa. In ka yi magana a ce ai ɗan gida ne. Gaskiya ɗan gida ne, amma wanda ke bayansa a layi fa?

Ra'ayinmu shi ne, abin da ke cinmu ya fi ƙarfin rashin ilimin boko. Tarbiyyarmu ce ake juyawa a yaƙe mu da ita. An koya mana kada mu katse babba, kada mu nuna wa mutum muna zarginsa, kada mu riƙe abin da ba namu ba. Ɗan damfara ya karanci waɗannan sarai. Zai turo saƙo mai kama da na kamfani cewa an shigo maka da sidi ɗari biyar, sa'an nan ya kira da muryar kuka, wai kuskure ya yi, kuɗin asibitin ɗansa ne, don Allah a mayar masa. Mai tsoron hakki ba ya tsayawa bincike, sai ya tura, alhali ko kwabo bai shigo ba. Da ya duba zai ga saƙon daga lambar mutum ya fito, da ya danna *170# ya duba ragowar kuɗinsa da magana ta ƙare. Akwai ƙa'ida guda da ya kamata kowane gida ya haddace: ba a sa lambar sirri don karɓar kuɗi. Duk sa'ad da waya ta nemi lambar alhali ba kai ka fara danna komai ba, kuɗi ne za su fita. Kuma ma'aikacin kamfani na gaskiya ba ya tambayarta.

Satar WhatsApp ta fi wannan ciwo, domin ita suna take sacewa. Ɓarawo ya sa lambarka a wayarsa, WhatsApp ta aiko maka da lambobi shida don tabbatarwa, shi kuma ya kira ka ya ce daga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ne ko kwamitin masallaci, za a yi taro ta intanet, ka karanto masa lambobin da aka turo. Da ka karanta, asusunka ya koma hannunsa. Kafin la'asar ya bi 'yan uwanka ɗaya bayan ɗaya da sunanka da hotonka yana neman rance, su kuma suna turawa saboda girmanka. Maganin ba ya cin minti biyu. A cikin saitunan WhatsApp, ƙarƙashin asusu, akwai tabbatarwa mai mataki biyu, wato makulli na biyu mai lambobi shida wanda kai ka zaɓa. Wanda aka riga aka sace wa, ya yi sauri ya sake yin rajista da layinsa, sabuwar lambar da za a aiko za ta fitar da ɓarawon. In ya riga ya sa nasa makullin, ana iya jiran kwana bakwai. A kuma kai rahoto ga Hukumar Tsaron Intanet ta ƙasa, wadda dokar 2020 ta kafa, ta lamba 292.

Za a ce mana, kuma da gaskiyar masu faɗa, tsohuwar da ba ta karatun Turanci dole ta dogara da wani, tunda jerin zaɓin da ke fitowa a waya da Turanci yake. Ba mu ce ta daina neman taimako ba. Amma akwai bambanci tsakanin a danna mata har zuwa wurin lambar sirri a miƙo mata ta sa da hannunta, da a karɓe lambar gaba ɗaya. Matar da ke riƙe lissafin adashin mutum talatin a ka ba za ta kasa riƙe lamba huɗu ba. Mu ne muka raina ta, muka ga ya fi sauƙi mu yi mata da mu koya mata.

Sai batun sunan da ke kan layi, wanda ba mu cika son tattaunawa ba. Lokacin da aka fara sabunta rajistar layuka da Ghana Card a watan Oktoba na 2021, mutanen zango da yawa sun sha tambayoyi a kan asalinsu kafin su sami katin, wasu suka gaji suka yi rajista da katin ɗa ko maƙwabci. An tsira da layi, amma a idon kamfani asusun na mai katin ne. Ranar da waya ta ɓata, shi za a nema. Ranar da mai kuɗin ya rasu, magada za su tarar da dukiyar mahaifinsu da sunan wani, ga rabon gado yana jira. Wanda ya sami katinsa yanzu ya je ofishin kamfani a mayar da layin sunansa tun ana ganin juna. Kuma ya dace wani amintacce guda a gida ya san cewa akwai asusu, ko da bai san lambarsa ba.

Matasa kada su ɗauka wa'azin na tsofaffi ne. Su ne ke sauke jabun WhatsApp irin su GB daga wuraren da ba a sani ba don ƙarin ado. Su ne ke karɓar bashin manhajojin da ke kwashe sunayen mutanen da ke cikin waya, in an makara biya a bi surukai da malamai da saƙon cin mutunci, abin da ya sa hukumomi suka kai samame a Ankara a shekarar 2023. Su ne kuma ke barin waya wurin mai gyara a Circle da sim da katin ajiya a ciki, da lambar buɗewa a rubuce a bayan takarda.

Ga 'ya'yanmu masu koyon haɗa manhaja kuwa, muna da buƙata. Facebook ta sa Hausa tun 2016, kuma allon rubutu na Gboard yana da ɓ da ɗ da ƙ, amma yawancin dattawanmu ajami suka iya, wasu kuma da kunne suke karatu. Abin da zango ke nema shi ne murya: gajerun saƙonni na minti ɗaya da Hausar da ake yi a Sabon Zango da Asawase, masu bayyana dabara guda ta 'yan damfara kowane mako, waɗanda za a iya turawa rukunin iyali ko a kunna a wurin suna. Wannan ba ya buƙatar jari daga waje. Yana buƙatar mutum biyu ko uku masu haƙuri, da sarkin zango ko limamin da zai ba da minti biyar bayan sanarwar Juma'a, da shugabar adashi da za ta ce ba a karɓar zubi sai kowace mace ta nuna ta sa makullinta na biyu.