Dodon da ke Bayan Sisin Gwal



Duk wanda kakarsa ke da tsohon sisin gwal na Ingila a ƙasan adaka, ko rataye a sarƙar wuya, to ya roƙi arziƙi ta ba shi ya juya bayansa. Zai ga mutum a kan doki riƙe da takobi, dokin yana tattake wata halitta mai fukafukai da wuyan maciji. Mahayin shi ne Joji, wanda Kiristoci ke ɗauka waliyyi. Abin da yake tattakewa kuwa dodo ne na tatsuniyar Turawa, babu shi a cikin halittun Allah. Wani Ba'italiye mai suna Pistrucci ya zana shi, aka fara buga shi a 1817.

To yanzu ilimi ya shiga gidaje, alhamdu lillahi. Sai dai akwai yaron da da ya ji darasin hotuna a makaranta, sai ya koma gida ya tayar wa Hajiya da hankali: "Wannan gunki ne, a kai wa maƙeri ya narke!" Ni a ganina wannan gaggawa ce, kuma dukiyar tsohuwa ake shirin yi wa ɓarna.

Mu duba tarihi. A zamanin Manzon Allah (S.A.W.) da dinarin Rumawa ake ciniki, mai ɗauke da hoton sarkinsu. Da shi aka biya sadaki, da shi aka fitar da zakka. Sai a shekara ta 77 bayan Hijira Halifa Abdulmalik bin Marwan ya buga dinari mai rubutu zalla. Malamanmu na Malikiyya kuma sun bambanta mutum-mutumi cikakke mai inuwa da zanen da ke kwance a jikin abu. Saboda haka a kai wa malami abin ya gani da idonsa kafin a kai wa maƙeri. Abin tsoro na gaske shi ne a ƙudurce cewa dodon nan yana tsare gida, ko yana kore mayu, ko yana jawo tsiya. Ba ya komai. Wanda ya rataya shi don tsari da wanda ke jin tsoron taɓa shi, duk camfi ɗaya ke damunsu.

Sannan ita narkarwar ba kyauta ba ce. Sisin nan na ainihi karat 22 ne, nauyinsa giram 7.98, tsantsar zinariyar cikinsa giram 7.32. In ya shiga wuta akwai ladan aiki, akwai abin da zai ragu, wani lokacin ma a gauraya ya dawo karat 18, mai shi ba ta sani ba. In kuwa musanya za a yi da sabon ɗankunne, to zinariya da zinariya sai nauyi ya zo daidai, kuma hannu da hannu. In ba haka ba an gudu daga hoto an faɗa riba, wadda haramcinta ba shi da saɓani.

Da irin wannan narke-narken ne muka rasa tsofaffin kayan adonmu. Daga nan Sheshe zuwa Kasuwar Kurmi tafiyar ƙafa ce, kasuwar da Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya kafa, amma je ka nemi awarwaron zinariya na zamaninsa ka gani. Kayan zinariyar da aka tono a Durɓi Takusheyi ta ƙasar Katsina a 1992, kabari ne ya tsare su daga wutar maƙera.

Maimakon ɗaga murya, ɗalibi ya ɗauko alƙalami ya taya Hajiya lissafi. Nisabin zinariya dinari 20 ne, kimanin giram 85, wato sisi 12 sun haura shi. A mazhabarmu abin da mace ke sawa don ado babu zakka a kansa. Amma wanda aka ajiye a matsayin jari ko don ɓacin rana, in ya cika nisabi ya shekara, ana fitar da ɗaya daga cikin 40. A kuma rubuta adadinsu da nauyin kowanne a gaban shaidu, a ajiye takardar tare da su saboda ranar rabon gado.